Gwajin Sauyin Lodi: Abin da Mita Ba Ta Gani a Na'urar Ba da Wuta

Akwai wata matsala da ta saba haɗa masu gyaran kayan lantarki gardama da masu kawo musu aiki. Kwamfuta ta ɗauke ɗif da zarar an ba ta aiki mai nauyi, ko na'urar rarraba intanet ta riƙa mutuwa tana sake tashi, ko akwatin kyamarorin tsaro ya tsaya cak lokacin da fitilun dare suka kama. Mai gyara ya ɗora mita a bakin adafta, mita ta nuna bolt 12 cif, ya ce lafiyar adafta ƙalau. Daga nan sai laifi ya koma kan NEPA, ko janareto, ko manhaja. Wani lokaci zargin yana kan hanya. Amma sau da yawa adaftar ce mai laifi, kuma mitar ba ƙarya ta yi ba. Mitar hannu tana sabunta lambarta kamar sau uku a sakan, alhali ɓarnar takan auku ta wuce cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan, ko ƙasa da haka. Gwajin da injiniyoyi suka tanada don kama irin wannan ɓarna shi ne gwajin sauyin lodi na farat ɗaya.

Ma'anar kalmomin

Wutar da ke shigowa gidaje a Najeriya da Nijar mai juyawa ce, bolt 220 zuwa 230, tana kai da komo sau 50 a sakan. Kayan lantarki na zamani kuwa miƙaƙƙiyar wuta suke so, mai ƙaramin ƙarfi: bolt 5 ga waya, 12 ga dikoda, 19 ko 20 ga yawancin kwamfutocin cinya, kusan bolt 1 ga ƙwaƙwalwar kwamfuta. Boltej shi ne ƙarfin da ke tura wutar, ana auna shi da bolt. Kwarara ita ce yawan wutar da ke gudana, ana auna ta da amfiya. Lodi kuwa shi ne duk abin da ke jan wutar.

Tsohuwar hanyar rage wuta ita ce babbar taransfoma mai nauyi, tare da abin daidaitawa da ke mayar da rarar wuta zafi. Hanyar da ta maye gurbinta ita ce na'ura mai kunna-kashe, wadda masu sana'a ke taƙaita sunanta da haruffan SMPS. A cikinta akwai tiransista mai aikin makunni, tana buɗewa tana rufewa daga sau dubu goma-goma zuwa fiye da sau miliyan a sakan. Gutsattsarin wutar da take saki suna bi ta kwayil, wato waya da aka naɗe, sannan su taru a kafasita, wadda tsofaffin masu gyaran rediyo ke kira kwandensa, su fito a miƙe. Akwai kuma zagayen sa-ido: sashen da ke auna boltej ɗin da ke fita, ya gwada shi da wani tsayayyen ma'auni, ya ƙara ko ya rage tsawon lokacin da makunnin ke buɗe. Cajar waya, adafta, akwatin wutar kwamfuta da ƙananan na'urorin da ke kan allon waya duk 'yan gidan nan ne.

Abubuwa huɗu ake yawan cakuɗawa. Na farko, hauhawar wuta daga waje, irin wadda tsawa ko dawowar NEPA ke kawowa; wannan matsalar bakin shiga ce. Na biyu, 'yar rawar da ba ta rabuwa da boltej saboda kunna-kashen makunnin. Na uku, bambancin boltej tsakanin ƙaramin lodi da babba bayan komai ya natsu, wanda mita ke iya gani. Na huɗu shi ne batunmu: halin da boltej ke shiga a daidai lokacin da lodi ya yi tsalle daga kaɗan zuwa da yawa, ko ya faɗo. Ana lissafin wannan lokaci da maikirosakan, wato kashi ɗaya bisa miliyan na sakan.

Yadda lamarin ya tsananta

Na'ura mai kunna-kashe ba sabuwa ba ce. Kwamfutar Apple II ta 1977 ta fito da irinta, wadda Rod Holt ya tsara, haka ma IBM PC ta 1981. Abin da ya sauya shi ne halin lodin. A shekarun 1980 ƙwaƙwalwar kwamfuta bolt 5 take sha, kwarara kaɗan, kuma kusan bai-ɗaya. Kashi 5 cikin 100 na bolt 5 milibolt 250 ne, fili mai faɗi. Ƙwaƙwalwar yau tana aiki a kusan bolt 1, manyan cikinsu na jan fiye da amfiya 100, kuma idan aka ce kada kuskure ya wuce kashi 3 cikin 100, milibolt 30 kawai ya rage.

Abin mamaki, neman tsimin wuta ne ya ƙara dagula al'amarin. Don batir ya daɗe, an koya wa ƙwaƙwalwa yin barci da zarar ba aiki, ta farka gaba ɗaya idan aiki ya zo. An kuma matsa wa caja lamba kada ta sha wuta a banza. Dokar Amurka da ta fara aiki a 2016 ta ce ƙananan caja kada su ci fiye da wat 0.1 idan ba a jona musu komai ba. Don cika wannan sharaɗi, caja kan daina kunna-kashe a kai a kai, ta koma yi jefi-jefi. Sai ya zama lodi mai farkawa a firgice yana dogaro da na'urar da ita ma gyangyaɗi take yi.

Layin waya na GSM misali ne da ya shafi kowa. Na'ura mai aiki da shi ba ta aika saƙo a jere. Tana harba shi ne na tsawon maikirosakan 577, ta huta, ta sake harbawa, sau kusan 217 a sakan, kuma kowace harbawa kan kai amfiya 2 idan sabis ya yi rauni. Matsakaicin abin da take sha ƙarami ne, shi mita ke nunawa. Na'urar POS ko ta bin sawun mota da ke sake tashi daidai lokacin aika bayani, sau da yawa wannan harbawar ce ke durƙusar da wutarta.

A manyan kwamfutoci, katunan sarrafa hoto sun riƙa fizgar wuta ninki biyu na ɗan lokaci, har akwatin wuta ya ɗauka gajeren haɗi ne ya kashe kansa. Shi ya sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ya fitar a 2022 ta buƙaci manyan akwatunan wuta su jure ninki biyu na ƙarfin da aka rubuta musu har tsawon maikirosakan 100.

Abin da ke faruwa a ciki

Duk wanda ya zauna kusa da ƙaramin janareto ya san abin da ke biyo bayan tashin firji: fitila ta dushe, injin ya yi gurnani, sannan ya murmure. Haka na'ura mai kunna-kashe ke yi, sai dai nata cikin ƙiftawar ido ne, kuma hawa uku ne.

A hawa na farko zagayen sa-ido bai ma san an yi komai ba. Kwarara a cikin kwayil ba ta iya sauyawa nan take, don haka kafasitar bakin fita ce kaɗai ke biyan sabuwar buƙata. Ita kuwa kafasita ba tsarkakakkiya ba ce; tana da 'yar turjiya a cikinta, wadda ake taƙaita sunanta da ESR. Idan lodi ya ƙaru da amfiya 2, turjiyar kuma kashi 50 cikin 1,000 na om ce, wato ma'aunin turjiya, boltej zai faɗi da milibolt 100 nan take, tun kafin kafasitar ta fara ƙarewa. Ƙafafunta da layukan tagulla na kan allo su ma suna da halin kwayil kaɗan, kuma suna haifar da wani siririn tsini a farkon faɗuwar idan sauyin ya cika sauri.

A hawa na biyu kafasita tana zubar da abin da ta tara, boltej yana ci gaba da nutsewa, zagayen sa-ido ya farga ya fara ƙara wa makunni lokaci. Zurfin nutsewar ya dogara da abubuwa uku: girman tsallen lodi, girman kafasita, da saurin zagayen. Injiniyoyi na da lissafin kintace: a raba tsallen kwarara da abin da ya fito idan aka ninka 6.28 da saurin zagaye da girman kafasita. Tsallen amfiya 2, kafasita mai maikirofarad 100, zagaye mai saurin 50,000 a sakan, nutsewa za ta kai milibolt 64 ko kusa. A rage saurin zagayen zuwa 5,000, lissafin ya ninka goma. Ba a kuma iya ƙara saurin yadda aka ga dama, domin bisa al'ada ana tsayar da shi tsakanin kashi ɗaya bisa goma da ɗaya bisa biyar na saurin makunnin. Caja da adafta masu jona bango sun fi jinkiri, saboda saƙon gyara yana tsallaka shingen da ya raba ɓangaren wutar gida da ɓangaren da mutum ke taɓawa, yawanci ta wata 'yar na'ura mai aika saƙo da haske. Tasu murmurewar kan ɗauki ɗaruruwan maikirosakan.

A hawa na uku boltej yana komawa mazauninsa. Nan ne halin zagayen ke bayyana. Ko ya hau a hankali ya tsaya, ko ya zarce ya dawo sau ɗaya, ko ya yi ta lilo sama da ƙasa kafin ya natsu. Lilo mai yawa alama ce ta cewa gyaran yana zuwa a makare, har yana neman zama ƙari a kan kuskuren da ya zo gyarawa.

Akwai wani ɓangare da ake yawan mantawa, kuma a wasu na'urori shi ya fi haɗari: saukar lodi. A ɗauki na'urar da ke rage bolt 12 zuwa 1.2, da kwayil mai maikirohenri 1. Idan ana son ƙara kwarara, bolt 10.8 ne ke tura ta, tana hawa da amfiya 10.8 a kowane maikirosakan. Idan ana son rage ta, bolt 1.2 kaɗai ke birki, tana sauka da amfiya 1.2 a maikirosakan. Saukar ta fi hawan jinkiri sau tara. Wutar da ta maƙale a kwayil ba ta da wurin zuwa sai kafasita, boltej ya yi sama. Nutsewa kan sa na'ura ta rikice ta sake tashi. Tsalle sama kuwa yana iya rage wa ƙwaƙwalwa kwana ko ya lalata ta.

Yadda ake gwajin, da inda ake tuntuɓe

Tsarin mai sauƙi ne. A ɗora wa na'ura tsayayyen lodi, a ƙara wani da ake kunnawa ana kashewa da sauri, misali daga rabin ƙarfinta zuwa cikakke, ko daga kashi 10 zuwa 90 cikin 100. A kalli boltej a osiloskof, wato na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a kan allo gwargwadon tafiyar lokaci, a kalli kwarara a layi na biyu. Abin da ake rubutawa shi ne zurfin nutsewa, tsayin tsalle, lokacin da aka ɗauka kafin natsuwa, da yawan lilo.

Ana sayar da na'urar lodi ta musamman don wannan aiki, amma ba dole sai da ita ba. Tiransista nau'in MOSFET, da resista mai jure zafi, da ɗan abin ba da bugu irin 555 sun isa a haɗa lodi mai tsalle, muddin an taƙaita lokacin kunnawa don kada resistar ta gasu. Jim Williams na kamfanin Linear Technology ya wallafa doguwar takarda a 2006 a kan irin waɗannan haɗe-haɗe, kuma har yau masu sana'a na komawa gare ta.

Sauƙin tsarin ne ke yaudara. Duk waya mai tsawon mita ɗaya tana da halin kwayil na kusan maikirohenri 1. Wanda ya jona lodin gwaji da dogayen wayoyi a na'ura mai bolt 1.2 ba zai samu tsallen da ya wuce kamar amfiya ɗaya a maikirosakan ba, komai tsadar kayan aikinsa. Na'urar za ta ci jarrabawa, amma jarrabawar da ba ta kai ta gaske tsanani ba. Shi ya sa a gwajin masu sauri ake liƙa lodin a kan allon kansa, kuma shi ya sa ba a yarda da lambar da aka saita a na'urar lodi sai an ga siffar kwararar da ido.

Kuskure na biyu akasin wannan ne. Doguwar wayar ƙasa mai bakin kada da ke rataye a sandar osiloskof tana zama eriya, ta kwaso hayaniyar makunni, ta zana tsini da lilon da babu su. Maganin shi ne a cire ta, a yi amfani da gajeren sifirin, a auna a kan ƙafafun kafasita ko a bakin lodi. Da yawa kan kunna matatar osiloskof mai iyakar miliyan 20 a sakan don rage tarkace.

Gwaji ɗaya a kan tebur mai sanyi ba ya wadatarwa. Ana maimaitawa a mafi ƙarancin wutar shiga da mafi yawanta, cikin zafi da sanyi, daga babu lodi sam zuwa cikakke, domin nan ne na'urar da ke gyangyaɗi ke tona kanta. Ana kuma sauya yawan maimaituwar tsallen, saboda akwai saurin da idan tsalle na biyu ya riski na farko bai gama natsuwa ba, kuskuren ya taru. Gargaɗi ɗaya ya zama wajibi: babbar kafasitar ɓangaren shiga tana riƙe da kusan bolt 325, ko bayan an zare soket, kuma wayar ƙasa ta osiloskof haɗe take da ƙasan gini. Wannan gwaji a bakin fita ake yinsa.

Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko a kan ko wannan gwaji ya isa hujjar cewa zagayen sa-ido yana da lafiya. Wani ɓangare na cewa a'a, sai an yi awon da ke ɗauke da sunan Hendrik Bode na Bell Labs, ta hanyar da David Middlebrook na Caltech ya bayyana a 1975: a cusa ƙaramin sigina cikin zagayen, a bi shi daga sauri kaɗan zuwa mai yawa, a ga nawa ya rage kafin jinkirin gyara ya kai rabin juyi, inda na'ura ke fara rawa da kanta. Wannan tazarar tsaro ana auna ta da digiri. 45 ake ɗauka mafi ƙaranci, an fi son 60. Hujjarsu ita ce awon yana ba da lamba, ba kintace daga siffar zane ba, kuma lilon da aka gani a gwajin tsalle yana iya zama na wayoyi da kafasitoci, ba na zagayen ba.

Ɗaya ɓangaren na cewa ƙaramin sigina ba ya nuna abin da ke faruwa idan makunni ya buɗe iya buɗewarsa, ko kwayil ya cika ya gaza, ko kariyar wuce-kima ta shiga tsakani, ko na'ura ta sauya daga barci zuwa aiki. Ga kuma sababbin na'urori masu mayar da martani kai tsaye ga kowace nutsewa, waɗanda awon Bode ba ya zama a kansu cikin sauƙi. Magana ta gaskiya, tambayoyi biyu ne daban, kuma mai tsara na'ura yana buƙatar amsar duka. Amma ga wanda osiloskof kaɗai ya mallaka, gwajin tsalle ya fi ba da labari a kan kuɗi kaɗan, kuma shi ya fi kama da abin da na'urar za ta tarar a bakin aiki.

Saɓani na biyu ya fi kusa da teburin mai gyara: shin ƙara kafasita kullum alheri ne? Yawanci yana rage nutsewa, amma ba kyauta ba. Kafasita mai yawa tana rage saurin zagayen, tana kuma iya sa na'ura ta kasa tashi saboda jan wutar farko. Wasu tsofaffin tsare-tsare ma da turjiyar kafasitarsu suka dogara wajen samun natsuwa. A musanya musu da ta yumɓu mai ƙarancin turjiya, sai su kama rawa. Ita ta yumɓun tana da nata sirri: nau'o'in X5R da X7R kan yi asarar rabin girmansu ko fiye idan boltej ya kusanci iyakar da aka rubuta musu.

Akwai kuma dabarar da kan ba masu mita mamaki. Na'urorin da ke ciyar da ƙwaƙwalwar kwamfuta da gangan ake sa su rage boltej kaɗan idan lodi ya yi nauyi, su ɗaga shi idan ya yi sauƙi, don nutsewa ta samu fili a ƙasa, tsalle ya samu fili a sama. Masu son tura ƙwaƙwalwa fiye da ƙima kan kashe wannan tsari suna ganin gyara suka yi, alhali tsallen da ba sa gani ne suka ƙara wa tsayi.

Zafi, tsufa da kasuwa

Na'urar da ta ci gwajin ranar da ta bar masana'anta ba lallai ta ci shi bayan shekara biyu ba. Kafasita mai ruwan sinadari tana bushewa, turjiyarta na hawa, kuma ƙa'idar da masu ƙera ta ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwananta biyu. Wadda aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 105, idan tana aiki a digiri 65, lissafi ya ba ta awa 32,000, fiye da shekara uku da rabi ba hutu. Mai awa 2,000 a digiri 85 kuwa awa 8,000 za ta samu, ƙasa da shekara. A Sakkwato, Maiduguri ko Agadas, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar adafta ba ya wahalar kai wa 65. 'Yar na'urar hasken da ke ɗaukar saƙon gyara ita ma tana dushewa da shekaru, halin zagayen ya sauya.

Nan gyara ke iya zama rabin gyara. Kafasita biyu na iya zama girma ɗaya, boltej ɗaya, amma ɗaya an yi ta don bakin fitar na'ura mai kunna-kashe, ɗaya ta gama-gari ce mai turjiya ninki da yawa. A sa ta biyun, mita za ta nuna bolt 12, kayan kuma su dawo shago bayan makonni. Mitar auna ESR ba ta kai osiloskof tsada ba ko kusa, kuma tana kama kafasitar da ta mutu ba tare da ta kumbura ba.

Mai saye kuwa ba shi da abin dubawa sosai, domin tambarin jikin adafta bolt da amfiya kawai yake faɗa. Kamfanonin da ke wallafa takardar bayanan kayansu kan rubuta sakamakon gwajin, amma lambar ba ta da amfani sai da sharuɗɗanta. Nutsewar milibolt 50 a tsallen kashi 25 cikin 100 da aka yi a hankali, da ƙarin kafasitoci a waje, ba a gwada ta da milibolt 150 na tsalle daga sifili zuwa cikakken lodi. Ta biyun na iya zama na'urar da ta fi ƙarfi. Wanda zai sayi na'urori da yawa don asibiti, tashar sadarwa ko tsarin wutar sola, abin da zai nema a rubuce shi ne girman tsallen, saurinsa a amfiya bisa maikirosakan, wutar shiga, zafin ɗakin gwaji, da inda aka ɗora sandar awo.